Ɓarauniyar da Take Goge Gam

Ƙannena, ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Mafara da suka san labarin sun san ni, wanda bai sani ba kuwa sunan ba zai ƙara masa komai ba. Ina so dai ku sani cewa kafin a kira ni ɓarauniya, ni yarinya ce mai shiru, mai son karatu. Nakan zauna a gindin dogonyaron gidanmu in yi ta kallon yadda inuwa ke jan jiki a ƙasa har a kira la'asar. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, na yi karatun difloma, malamaina suna yabona. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Mahaifina mai gyaran jikin mota ne da fenti. Garejinsa a jikin gidanmu yake. Bai tara dukiya ba, amma mutum yakan bar masa mota da makulli, da kaya a but, ya yi tafiyarsa hankali kwance. Daga Bakura ake kawo masa aiki, daga Maradun ake kawo masa. In an ce aikin Malam Sani ne, ba a sake dubawa. Wannan yarda ita ce duk abin da ya mallaka, kuma ita ce na ɗauka na yi wasa da ita.

Akwai doguwar robar nan da ake liƙa wa mota a gefe, daga ƙofar gaba zuwa ta baya, don ado da kare ƙofa daga bugu. Mu a gida robar gefe muke ce mata. Kafin a yi wa mota fenti sai an cire ta, in fenti ya bushe a mayar. Da yake Baba a filin bayan gida yake fesa fenti, inda ba a shigowa, tun ina ƙarama nake tsayawa ina kallonsa. Wata rana ya dubi yatsuna ya ce sun fi nasa dacewa da wannan aiki.

Ya koya mini a hankali. A bar mota ta sha rana har gam ɗin da ke bayan robar ya yi laushi. A ɗaga bakinta kaɗan da wani ɗan falle da ya yanko daga tsohuwar jarka, don ƙarfe yana karce fenti. A zura zaren kamun kifi, irin wanda masuntan Bakolori ke amfani da shi, a riƙa ja dama da hagu kamar mai yankan sabulu. In an iso wurin kilif, wato ɗan haƙorin robar da ke shiga rami a jikin ƙofa, a dakata, a lallaɓa shi ya fito da ransa.

“Ba a yi mata da ƙarfi,” in ji shi. “Ki bar rana ta yi miki rabin aikin.”

Bayan an cire, sai a murza sauran gam da babban yatsa, a bi da tsumma mai ɗan kananzir har wurin ya yi tas. A nan Baba ba ya wasa. Yakan ce ko mai mota ba ya gani, ba a barin mota da dauɗar gam. Wajen mayarwa kuwa, yakan ja salatif na takarda daga gaba zuwa baya ya zama layi, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, sannan a ɗora robar daga gaba, a bi ta da tafin hannu ana dannawa. Ina son wannan aiki. Ina son wurin da ke ƙarƙashin robar, inda rana ba ta taɓa gani ba, launin motar na farko yana kwance sabo kamar ranar da aka ƙera ta.

Sai maganar Ma'u. Asma'u ɗiyar gwaggona ce, ƙanwar Baba da ke aure a Bakura. Taubashiyata ce, sa'ata ce, aji ɗaya muka yi. Da yake ni ɗiyar namiji ce, ita ɗiyar mace, a wasanmu ni ce uwargijiya, ita baiwa. Kun san dokar wannan wasa: duk abin da taubashi ya faɗa maka, dariya za ka yi. Wanda ya yi fushi ya ji kunya. Shekara da shekaru ni ke cin ta. Na fi ta maki, na fi ta rubutu, nakan ce mata, “Baiwa, ɗauko mini jakata,” ta ɗauko tana zagina muna dariya.

Muka gama makaranta. Ita ta sami aikin jinya a Bakura, ni na dawo gindin dogonyaro ina jiran kiran da bai zo ba. Ba a jima ba ta sayi wata ƙaramar mota ta hannu, mai ruwan toka, ta koyi tuƙi. Na fara ganin motar a waya, ta jingina da ita tana murmushi. Na daɗe ina kallon hoton. Na rubuta mata Allah ya tsare hanya, amma wani abu ya zauna mini a ƙirji kamar na haɗiye ƙwallon magarya.

Ta kawo motar a sake mata fenti. Ta same ni a durƙushe ina jan zare a bayan robar, hannuna duk kananzir. Ta tsaya a kaina tana kaɗa makulli.

“Ikon Allah! Yau ga uwargijiya tana yi wa baiwa bauta. Kawu, nawa kaka biyan wagga lebura taka?”

Baba ya yi dariya, Inna ta yi dariya daga madafi. Ni ma na yi, don doka ce.

“Motar da in an yi atishawa sai ta mutu,” na ce.

“Awo, amma tawa ta. Taki fa, tana ina? Ko tana wajen wanki?”

Ba ta faɗi abin da ya wuce wasa ba. Ni na faɗa mata abin da ya fi wannan zafi sau da yawa. Amma a ranar wasan bai fita daga jikina ba.

Da fenti ya bushe, Baba ya tafi jana'iza ya bar mini mayarwa. Na yi gefen direba daidai. Da na zo ɗaya gefen, sai na ja salatif ɗin na sauke wutsiyarsa ƙasa kamar faɗin ɗan yatsa. Na ɗora robar a kan karkataccen layi, na danna ta da kyau. Wannan shi ne laifina na farko, kuma ban sami ko sisi a cikinsa ba. Abin da na samu shi ne, duk lokacin da na tuna Ma'u tana yawo da mota mai karkataccen gefe, sai in ji sanyi.

A gidan mai, wani mutum ya lura. Ya ce mata, “Hajiya, wa ya maida miki wagga roba? In Malam Sani na, to tsuhwa ta kama shi.” Maganar ta dawo gida. Baba ya sa aka dawo da motar, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce wa Ma'u, “Idona na, ɗiyata. Ki yi haƙuri.” Ya cire ya sake da hannunsa. Da ina da hankali, da a nan na tsaya.

Akwai wani Lawali mai sayar da kayan mota na hannu, yakan zo gareji neman ɓaraguzai. Na ji yana faɗa wa Baba cewa robar gefe ta asali ta yi wuya, sabuwar da ake kawowa wata biyu take yi ta kumbura. Akwai wata da aka cire daga motar da ta yi hatsari, mai ita bai taɓa tambaya ba, tana jingine a bayan randa. Na ba Lawali ita a ɓoye. Ya dube ni ya ce, “In an samu wasu, ƙohwa buɗe take.”

Yanzu saboda halin rashin tsaro da hanya take ciki, duk wani suna ko walima da rana ake yi, kowa na son ya koma gida kafin la'asar ta yi sanyi. Motoci sukan jeru a bayan gida cikin tsakiyar rana, direbobi sun gudu inuwa, mata suna ciki ana ta hayaniya. Ranar sunan wata ƙawarmu a Maradun na fito shan iska, na dafa wata farar mota, na ji ta da zafi kamar tanda. Motar wata ce da muka yi aji ɗaya, wadda ko jimla ba ta iya haɗawa sai ta leƙa takardata. Babban yatsana ya taɓa bakin robar, na ji gam ya yi laushi. Ban cire ba a ranar. Amma biki na gaba, da zare da falle a jakata na je.

Ba wanda ke zargin mace mai dogon hijabi da ta tsaya a gefen mota. Za a ɗauka inuwa take nema ko waya take amsawa. Robar ƙofa ɗaya tsawon hannu ce da ɗoriya, tana shigewa ƙarƙashin hijabi ta kwanta a jikin mutum. Kafin a gama rabon shinkafa na gama gefe ɗaya.

Ku lura da wannan, don shi ne abin da ya fi ba ni kunya. Ban taɓa taɓa motar haya ba, ban taɓa ta tsoho ba. Motocin sa'o'ina nake zaɓa, waɗanda suka shigo suna ƙamshi, ana ce musu Hajiya tun ba su je ko'ina ba. Abin da Lawali ke ba ni ba ya daɗewa a hannuna, ban ma san inda yake tafiya ba. Daɗin yana wurin komawa cikin taro in zauna kusa da mai motar, in taya ta hira, in yaba leshinta, alhali gefen motarta yana kwance a haƙarƙarina da ɗuminsa.

Kuma duk motar da na cire wa roba sai na goge gam. Ban taɓa shawarar yin haka ba. Hannuna ne ke yi. In na ga sauran gam a jikin ƙofa sai in ji ba zan iya tafiya ba, in murza, in bi da ɗan tsumman da na jiƙa tun daga gida. Ɓarawo fizga yake yi, ya karya kilif, ya karce fenti, ya gudu. Ni kuwa ina barin wuri tas kamar za a zo duba aiki.

Masu motocin sukan je wurin Lawali su sayi wata, su kawo wa Baba ya sa musu. Sau da yawa ni ke mayar da robar da na cire da hannuna, a kan motar da na cire ta, Baba yana riƙe mini salatif. Yakan shafa wurin da aka yi satar, ya kai yatsa hanci, ya dubi ƙasa. A tasha kuwa magana ta fara yawo: wane irin ɓarawo ne wannan mai share wuri? Wa ya iya irin wannan cirewa a ƙasar nan? Kuma wa ke samun aiki in an yi satar?

Ina jin wannan duka, ban daina ba. Na ma kai ga wadda nake nufi tun farko. An yi suna a Dakko, dangin mahaifin Ma'u, ita ta ɗauko ni a motarta. A hanya tana ta ba ni labarin za a tura ta ƙarin karatu. Ta ce, “In na dawo sai in ɗauke ki aiki, uwargijiya, ki riƙa buɗe mini ƙohwa.” Na yi dariya. Da rana ta take, na fita na tuɓe gefen da nake zama, ƙofa biyu, na tura su cikin karan dawa a bayan gidan, washegari na hau babur na je na ɗauko. Da za mu koma ta ga wurin, ta riƙe baki, idonta ya kawo ruwa. Ni na rarrashe ta har Mafara.

Asirin ya tonu ta hannun wani mutumin Maradun, mijin mai farar motar nan. Na taɓa cire wa motar gefe ɗaya, da na sake yi wa matarsa sata a ɗaya gefen, sai ya je wurin Lawali, aka miƙo masa roba, ya ga wani karce da ƙofar gidansa ta yi mata. Ya gane kayansa. Ya tafi wurin 'yan sanda. Da aka matsa wa Lawali sai ya ce kayan daga gidan Malam Sani suke fitowa. Bai yi ƙarya ba.

Da hantsi suka zo. Baba yana goge wata mota, ni ina bakin ƙofar filin baya. Maƙwabta suka fito, masu shayi suka miƙe. Aka tambaye shi ko ya san zancen. Ya ajiye tsumma, ya wanke hannu a bokiti, bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya.

“Ni na,” in ji shi. “Mu tai.”

Aka bi da shi ta titin da ya yi shekaru yana bi zuwa masallaci. Ina tsaye. Bakina bai buɗe ba.

Kwanakin da suka biyo baya Ma'u ce ta tsaya. Ta ɗauki hutu, ta kawo gwaggo, ta riƙa kai abinci, ta nemo lauya, ta bi gidajen masu motoci tana rantsuwa cewa kawunta ba zai yi haka ba. Ni ina zaune a gefenta a mota da kwanon tuwo a cinya. Kuna tsammani tausayin Baba ne ya cika mini zuciya? Akwai shi, amma akwai wani abu a samansa. Ina jin haushin cewa ita ce mai motar kai abinci, ita ce mai sanin lauya, ita ake yi wa godiya.

Ranar da za a kai shi kotu aka bar mu muka gan shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya gaisa da ni kamar yadda ake gaisawa da baƙo. Sannan ya juya ga Ma'u.

“Ke ɗiya ta, Asma'u. Allah shi yi miki albarka. Allah shi ba ki masu yi miki.”

Wannan kalma ta ɗiya ita ta tsaga ni. Na ji kamar an ɗauke tabarmata an shimfiɗa wa wata. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da ɗan sandan da ke tsaye, “Ku sake shi. Ni ce. Zaren yana cikin jakata, ku duba.” Ina so in gaya muku tsoron Allah ne ya buɗe bakina, amma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya ba. Ko gaskiyar da na faɗa, ƙyashi ne ya turo ta.

Baba ya ce, “Yi shiru, ba ki da hankali.” Na ƙi. Na lissafa musu motocin da gidajen bikin. Da na zo kan ta Dakko, Ma'u ta zauna a ƙasa.

Alƙali ya ɗaure ni, ya ɗaure Lawali. Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Akwai ɗan tagar da rana ke shigowa ta zana layi a bango, shi nake kallo. A can na fara sallah da hankalina a jikina. A can na gane cewa tun daga ranar da na ga hoton nan a waya ban ƙara kallon komai don kansa ba, sai don in auna shi da abin Ma'u.

Sau ɗaya ta zo. Ta kira ni da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba tun muna yara.

“Mi na yi miki?” ta ce.

Na ce ba ta yi komai ba.

“In wasan na ya yi miki zahi, ki ce mini. Ni baiwarki ta, sai in bari. In motar ta, ki ce in koya miki tuƙi. Kullum kina gehena kina dariya, ta ina zan sani?”

Ta ajiye mini sabulu da man shafawa ta tafi. Har yau muna gaisawa in an haɗu, gaisuwa mai tsawo, ta mutunci. Wasa dai ya mutu.

Da aka sake ni, ban sami gidanmu yadda na bar shi ba. Kotu ta wanke Baba, amma bakin mutane bai wanke shi ba. Wasu suka ce tare muke yi, ya tura ɗiya ta ɗauki laifi. Wasu suka ce ko bai yi ba ya sani ya yi shiru, kuma wannan gaskiya ce. Motoci suka daina zuwa. Wanda ya kawo ma sai ya kwashe kayansa daga but, ya zauna a benci yana gadi har a gama. Baba bai iya jure wannan zaman gadi ba. Ya sayar da injin fenti, ya koma gonar gado a Garbadu, shi da Inna. Can na same su.

Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun kafin in tambaya, ya sa mini albarka, ya ce in tashi in ci abinci. Yanzu ina koyar da yaran unguwa karatu a zaure, ina taya Inna surfe. Na bi waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya, wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa, kuma suna da gaskiya.

Ƙannena, ga abin da nake roƙonku. Ranar da kuka ga alheri a hannun ɗan'uwanku kuka ji ƙirjinku ya yi nauyi, kada ku rufe shi da dariya. Ku yi masa addu'a da sunansa, da ƙarfi, har kunnenku ya ji. In wasa ya yi muku zafi ku faɗa, kunyar faɗa ƙarama ce. Kuma duk sana'ar da iyayenku suka sa a hannunku, ku sani da sunansu kuke aiki. In kun ɓata, ba naku kaɗai kuka ɓata ba, kuma ba ku da ikon gyarawa.

Kwanan baya wani mutum ya zo daga Faru a kan babur. Bai san labarin ba. An gaya masa akwai wani tsoho a Garbadu da ya fi kowa iya mayar da robar gefe, shi kuwa ya sayi mota, robarta ta ɓalle. Ina bayan zana ina jin su. Suka gaisa, suka tambayi gida da damina da gajiya. Ya faɗi abin da ya kawo shi. Na riƙa roƙon Allah Baba ya ce a kawo motar.

Ina jin Baba yana kakkaɓe ƙasa daga fartanya.

“An yi maka kuskure, ɗan'uwa,” in ji shi. “Ni manomi na. Ban san aikin mota ba.”

Mutumin ya ba da haƙuri, ya tada babur ya tafi. Baba ya saɓa fartanya ya nufi gona. Ni na yi wannan, ƙannena. Kada ku yi.